ICU da CLDR: taskar da ke koya wa waya Hausa, da yadda ɗan Briqueterie zai sa hannu a cikinta

Duk wanda ya taɓa mayar da wayarsa Hausa, ya ga ta rubuta Alhamis ko Nuwamba a saman allo, ya ci moriyar wata taska da yawancin jama'a ba su san ko sunanta ba. Galibi ba kamfanin da ya ƙera wayar ba ne ya zauna ya fassara ranakun mako da watanni. Ɗauko su ya yi daga wani wuri guda da Google da Apple da Microsoft duk suke ɗiba, wato taskar ICU da rumbun bayananta mai suna CLDR. Kyauta ake ɗiba, kuma ƙofar gyara a buɗe take ga kowa. Sai dai Hausar da ke ciki ta Najeriya ce da Nijar da Ghana. Bahaushen Kamaru aro yake yi, kuma aron yana da illa a wurin da ya fi zafi, wato rubuta kuɗi.

Mece ce taskar kod?

Telan da ke ɗinki a Briqueterie ba ya saƙa yadi, ba ya ƙera zif ko maɓalli. Sayowa yake yi, ya mayar da hankali kan yanka da ɗinki. Haka mai rubuta manhaja yake. Ayyukan da kowace manhaja ke buƙata, kamar jera sunaye bi da bi ko rubuta kwanan wata, wasu sun riga sun rubuta umarninsu da harshen kwamfuta, wato kod, sun tara wuri guda domin kowa ya jona da nasa aikin. Wannan tarin shi ne taska, abin da masu Faransanci ke kira bibliothèque.

Idan aka ce taska buɗaɗɗiya ce, ana nufin kowa na iya karanta kod ɗinta, ya yi amfani da shi, ya gyara, ya kuma rarraba, bisa sharuɗɗan lasisin da ke tare da ita. Tunanin ya samo asali ne daga aikin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983 a Amurka. Lasisin kuwa iri-iri ne, kuma rashin karanta shi ya sha jefa mutane cikin rigima. Na GPL ya wajabta wa wanda ya haɗa kod ɗin a manhajarsa ya rarraba ta, ya buɗe nasa shi ma. Na ICU da CLDR mai sauƙi ne: a yi kasuwanci da shi ma ba laifi, muddin an bar sanarwar haƙƙin mallaka a ciki. Amma ya faɗa ƙarara cewa babu garanti. In lissafi ya karkace, ba wanda za a kai ƙara.

ICU ta fara ne a kamfanin Taligent, wanda Apple da IBM suka kafa tare, daga baya ta koma hannun IBM, wanda ya buɗe ta ga duniya a 1999. A 2016 ta koma ƙarƙashin ƙungiyar Unicode, wadda aka kafa a 1991 a jihar California, kuma ita ce ke ba kowane harafi na duniya lambarsa. CLDR ta fara fitowa a ƙarshen 2003, ta shiga hannun Unicode a 2004. Rabon aikin a fili yake: ICU ita ce keken ɗinki, CLDR kuma littafin awo. Ɗaya ta san yadda ake jera kalmomi, ɗaya ta san cewa a Hausa ƙ tana bin k.

Me ya haɗa wannan da Briqueterie?

Briqueterie, wadda mutanen gari ke taƙaita wa la Brique, tana cikin gunduma ta biyu ta Yaounde, kusa da Tsinga da kasuwar Mokolo. Sunanta na asali Ekoudou, sai masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa ta bar mata sunan da ya bi ta. An san ta da unguwar Hausawa, da babban masallaci, da shagunan atamfa da shadda, da teloli, da masu tsire waɗanda har ake yi wa layinsu laƙabi da ma'aikatar soya. Ana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci a bakin mutum guda cikin ciniki guda.

Wannan cakuɗa ita ce jarrabawar duk manhajar da za a rubuta wa unguwar. A ɗauki misalin matashin da ya yi karatun kwamfuta a Jami'ar Yaounde ta ɗaya ko a makarantar Polytechnique da ke Melen, aka ce ya yi wa 'yan adashi manhajar da za ta riƙe sunayen masu zubi, ta nuna ranar ɗauka, ta aika wa kowa saƙon abin da ake bin sa. Masu zubin suna son saƙo da Hausa. Kuɗin sefa ne, ta MTN Mobile Money ko Orange Money ake turawa. Wanda zai duba littafin a ƙarshen wata da Faransanci ya yi boko. Abubuwa uku kenan da ba su saba zama a fayil guda ba.

Abin da taskar ta sani game da Hausa

Haruffa masu lanƙwasa sun daɗe da samun lambobinsu a Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Matsalar ita ce lambobin nan suna can bayan na z. Manhajar da ta jera sunaye bisa lambar harafi kawai za ta jefa Ƙasimu da Ɗanjuma bayan Zainabu, mai nema ya duba wajen K ko D ya rasa, ya ɗauka ba a yi wa mutumin rajista ba.

Ƙa'idar jeri ta Hausa da ke CLDR ta warware wannan, ta kuma ƙara da abin da masu manhaja da yawa ba su zata ba. Ta ɗauki sh harafi guda mai bin s, ts kuma harafi guda mai bin t. Saboda haka Sule yana gaban Shehu, Tukur yana gaban Tsoho. Wanda ya saba da jerin Faransanci zai ga kamar kuskure ne, alhali bin abacadar Hausa ne. Ta kuma ajiye 'y ta rubutun Najeriya da ƴ ta rubutun Nijar a gurbi guda bayan y, don kada 'yar Kano da ƴar Maradi su rabu a jeri.

Akwai sunayen ranaku da watanni, dogaye da taƙaitattu, da sunayen ƙasashe da harsuna da kuɗaɗe. Akwai ƙa'idar tilo da jam'i, wadda a Hausa gida biyu ce: ɗaya daban, saura daban. A Faransanci sifili yana tafiya da tilo, Larabci kuwa gida shida gare shi. Mai manhajar da ya rubuta sharaɗinsa da hannu, "in ya fi ɗaya a sa jam'i", zai yi daidai a wani harshe ya faɗi a wani.

Kowane tsari yana da lamba mai haɗa harshe da ƙasa. Hausar boko tana da ha-NG da ha-NE da ha-GH. Fayil ɗin ƙasa gajere ne, domin abin da ya bambanta kawai ake rubutawa a ciki, kamar alamar kuɗin sidi a na Ghana. Sauran duka ana gadonsu daga uwar fayil ta ha, wadda aka gina kan al'adar Najeriya. Kamaru ba ta cikin ukun nan. Mai manhaja na iya rubuta ha-CM, taskar ba za ta ƙi ba. Za ta gane cewa kuɗin ƙasar XAF ne, sefar da bankin BEAC mai hedikwata a nan Yaounde ke bugawa, wadda ta bambanta da XOF ta Nijar duk da darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda. Za ta kuma san cewa sefa ba ta da ɓarin da ake rubutawa bayan ɗigo, ba kamar naira da kwabo ba. Amma salon rubuta adadin daga Najeriya za ta ɗauko shi.

A nan gizo ke saƙar. Sefa dubu goma sha biyar za ta fito FCFA 15,000 a salon Hausa, alhali a tsarin fr-CM 15 000 FCFA ce. A Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakken adadi da ɓari, don haka idon da ya yi makaranta a Yaounde na iya karanta 15,000 a matsayin sha biyar. A cinikin tsire ba wanda zai ruɗe, domin hankali zai gyara. A takardar bashi, ko awon magani, ko nauyin kaya, inda 1,250 ke iya zama dubu da ɗari biyu da hamsin ko ɗaya da kwata, ruɗanin na iya jawo asara ko rigima tsakanin maƙwabta.

Sunayen watanni ba su kai wannan damuwa ba. Gaskiya ne Janairu da Oktoba daga Ingilishi aka aro su, kuma ɗan Briqueterie ya fi sabawa da janvier da octobre a takardun hukuma. Amma sassan Hausa na BBC da DW da RFI sun daɗe da sanya su a kunnen kowa, babu dalilin ƙirƙiro wasu. Abin da ya cancanci a nema wa Kamaru shi ne salon adadi da wurin zaman alamar kuɗi.

Yadda ake amfani da ita

Sau da yawa ba a ma buƙatar sauke komai. Wayoyin Android sun fara ba masu manhaja ICU kai tsaye tun daga fitowa ta 7.0 a 2016. A JavaScript akwai Intl, mai ɗauke da Intl.NumberFormat na adadi, Intl.DateTimeFormat na kwanan wata, da Intl.Collator na jeri. PHP, wanda shafuka da yawa ke kansa, yana da ƙarin da ake kira intl. Rumbun bayanai na PostgreSQL ya fara karɓar jerin ICU tun fitowa ta 10 a 2017. Wanda ke son taskar kanta yana da ICU4C ta harsunan C da C++, ICU4J ta Java, da ƙaramar ƙanwarsu ICU4X da aka rubuta da Rust, wadda ta fito a 2022 domin na'urori masu ƙaramin ƙarfi.

Mafita ta yanzu ga mai manhajar adashi ita ce ya raba aikin: ranaku da jerin sunaye da ha, adadi da kuɗi da fr-CM. Taskar ba ta hana haka ba.

Akwai tarkuna da ya kamata a sani. Na farko, ba kowace burauza ke ɗauke da bayanan dukan harsuna ba. Wasu na rage su don kada manhajar ta yi nauyi, kuma in aka nemi harshen da babu, ba sa kuka, sai su koma wani harshe shiru. Umarnin supportedLocalesOf yana faɗin ko Hausa na ciki. Gwaji a kan kwamfutar mai aiki bai isa ba, sai an gwada a kan irin Tecno da Itel ɗin da ke hannun masu zubin.

Na biyu, abin da taskar ta rubuta don idon mutum ne, ba don a sake karanta shi da kod ba. A 2018, fitowa ta 34 ta CLDR ta canza tazarar da ke raba dubbai a Faransanci zuwa wata siririya mai lamba U+202F. Ido ba ya ganin bambanci sosai, amma manhajojin da ke cire tazara su mayar da rubutu adadi sun tsaya cak. An sake irin haka a ƙarshen 2022 da tazarar da ke gaban AM da PM a Ingilishi, har masu Chrome suka ja da baya saboda shafukan da suka lalace. Dabarar ita ce a ajiye 15000 a matsayin adadi a rumbu, a bar taskar ta yi masa ado lokacin nunawa kawai. A kuma rubuta lambar fitowar da ake aiki da ita, kada a sabunta sai an karanta abin da ya canza.

Na uku ya shafi bincike. Mutane da yawa suna rubuta Hausa a waya ba lanƙwasa, su buga Kasimu suna neman Ƙasimu. A wurin taskar k da ƙ haruffa biyu ne daban, ba kamar e da é ba, don haka umarnin "a yi watsi da lafazi" ba ya haɗa su. Dole mai manhaja ya rubuta tasa ƙa'idar, kuma ICU ta ba da damar hakan a Java da C. Haka alamar hamza ta Juma'a da sana'a: akwai aƙalla siffa uku da madannai daban-daban ke fitarwa, sai an mayar da su ɗaya kafin a kwatanta.

Taskar tana da kalandar Hijira ma, har kala-kala, ciki har da ta Ummul Ƙura ta Saudiyya. Lissafi ne, ba ganin wata ba. Tana iya saɓa wa ranar da aka sanar a masallacin unguwa da kwana guda, don haka manhajar da za ta nuna ranar azumi ko salla ta bar wa mai ita damar ƙara ko rage kwana. Ba ta kuma san ƙidayar dala da jaka irin ta kasuwannin Maradi da Damagaram ba, inda dala ɗaya sefa biyar ce. Wannan aikin mai manhaja ne.

Yadda ake ba da gudummawa

Ƙofa biyu ce, kuma ta farko ba ta buƙatar sanin kod ko kaɗan. Malamin makaranta, ɗan jarida ko mai fassara zai iya shiga. CLDR tana da shafin da ake kira Survey Tool, wanda ake buɗewa na wasu makonni, galibi wajen Mayu da Yuni. Wanda ya nemi asusu aka ba shi zai ga kowace kalma da ta Ingilishi a gefe, ya goyi bayan wadda ke nan ko ya kawo tasa. Bayan lokacin shigarwa sai na tantancewa, inda ake warware saɓani, sannan kwamitin fasaha ya rufe. Sabuwar fitowa kan zo sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba.

Ƙuri'u ba nauyinsu ɗaya ba. Ta baƙo ɗaya ce, ta wakilin ƙungiyar da aka amince da ita takan kai huɗu, kuma kalma ba ta tabbata sai ta haye wani adadi. Ma'ana, mutum guda daga Briqueterie, komai iliminsa, ba zai rinjayi masu fassarar da manyan kamfanoni suka ɗauka aiki ba. Ana iya ganin rashin adalci a nan, amma akwai dalili: kalmar da ta shiga za ta bayyana a wayoyin miliyoyin mutane, kuma da an bar ta sakaka, da kowace fitowa sai an yi ja-in-ja kan Fabrairu da Faburairu. Abin da ke aiki shi ne hujja da taro. Hoton rasit, shafin littafin makaranta, takardar banki, duk suna da ƙarfi fiye da "haka muke faɗa a wurinmu".

Maƙwabta sun riga sun bi hanyar. Ewondo, harshen 'yan asalin Yaounde, yana cikin CLDR, haka Basaa da Duala da Bafia da Mundang. Da yawa daga harsunan Afirka sun shiga ne wajen 2010 da 2011 ta aikin Afrigen na ƙungiyar ANLoc, wanda ya tattara masu sa-kai suka cike bayanan harsunansu. Fulatanci yana da fayil na Kamaru. Rubutun Adlam, wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙira a Gini a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga Unicode a 2016, kuma ƙungiyarsu ta Winden Jangen ta samu gurbi a cikin masu jefa ƙuri'a. Ajamin Hausa ma ya samu ƙarin haruffa a fitowa ta 13 ta Unicode a 2020. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama, nema aka yi a rubuce. Neman ha-CM ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba, tunda harshen na nan, bambancin kawai za a rubuta, layuka kaɗan.

Ƙofa ta biyu ta masu kod ce. ICU da CLDR suna kan GitHub, amma ba a fara da aika gyara. Ana fara da buɗe tikiti a shafin Jira na Unicode, bayan an duba ko wani bai riga ya kai ƙorafin ba. Tikiti mai kyau yana faɗin fitowar da aka gwada, gajeren kod ɗin da ke nuna matsalar, abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito. In kwamiti ya karɓa, sai mutum ya kwafi taskar zuwa asusunsa, ya yi gyara a reshe na daban, ya haɗa da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran ya kuma wuce bayansa, ya sa lambar tikitin a kan saƙon, sannan ya nemi a haɗa. Kafin a karɓa sai ya sa hannu a yarjejeniyar masu gudummawa, wadda ke ba Unicode izinin rarraba aikin. Wanda ke aiki a kamfani ya tambayi shugabanninsa tukuna, domin kod ɗin da ya rubuta a bakin aiki ba lalle nasa ne ba.

Masu dubawa kan dawo da gyara sau biyu ko uku. Ba wulaƙanci ba ne, haka ake yi wa ma'aikatan Google ma. Gyara ƙarami mai magance abu guda ya fi saurin shiga. Babban shinge ga ɗan Yaounde shi ne harshe, domin tikiti da muhawara duka da Ingilishi ake yi. Gajerun jimloli da misali a fili sun wadatar, kuma a ƙasar da Ingilishi ke cikin harsunan hukuma biyu, ba a rasa abokin da zai duba rubutu kafin a aika.

Gyaran da aka karɓa a Yuni zai fito a CLDR ta Oktoba, ICU ta ɗauke shi a daidai lokacin. Burauza da Node.js sukan bi cikin watanni. Waya kuwa sai ta samu sabuwar fitowar Android, kuma da yawa daga wayoyi masu araha da ake sayarwa a Mokolo da Avenue Kennedy ba sa samun ta har su mutu. Mai manhajar da ba zai iya jira ba yakan haɗa nasa kwafin ICU4J ko ICU4X a cikin manhajar, ya zaɓi bayanan Hausa da Faransanci da Fulatanci kawai, don kada nauyinta ya cinye datar mai saukewa.